RANAR KAI YARO MAKARANTA: KO ƘARYA TA HALATTA DON AMFANINSA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanya 'ya'ya su zama amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan watan Satumba ya kama, damina ta fara ja da baya, akan ga teloli suna kwana a kan keke saboda ɗinkin kayan makaranta, masu sayar da jaka da takalma da littattafan rubutu kuma kasuwarsu ta buɗe. A gidaje da yawa akwai yaro ko yarinya da za a kai aji ɗaya na firamare karo na fari. Uba yakan biya tela, ya sayi fensir da jaka, sa'an nan ya ɗauka ya gama shiri. Amma akwai wani abu da ke faruwa cikin waɗannan kwanaki wanda ba a cika lura da shi ba, watau yawan ƙaryar da ake yi a kan yaron nan da wadda ake yi masa. Masu yin ta kuwa galibi mutanen kirki ne, masu tsare salla, waɗanda ba za su yarda su yi wa abokin ciniki ƙarya a kasuwa ba. Hujjarsu guda ce: don amfanin yaron aka yi. To, abin tambaya shi ne, ko kyakkyawar niyya irin wannan tana halatta ƙarya?

Ƙaryar nan iri uku ce. Ta fari ita ce wadda ake yi wa hedimasta ranar ɗaukar yara, ya tambayi shekarun yaro, uba ya ce shida, alhali kuwa ya san ɗansa bai wuce huɗu da rabi ba. Ta biyu ita ce ta tsoratarwa, wadda akan soma tun watanni kafin ranar. Yaro ya yi ɓarna, sai uwa ko kaka ta ce, "Bari dai a kai ka makaranta, Malam zai yi maganinka da bulala." Ta uku ita ce ta rarrashi. An isa bakin aji, yaro ya riƙe rigar ubansa yana kuka, sai uban ya ce, "Zauna nan, alewa zan sayo maka, yanzun nan zan dawo." Daga nan ya sulale, ba a sake ganinsa ba sai an tashi, ko ma ya aiko wani.

HUKUNCIN ƘARYA GA ƘARAMIN YARO

Mutane da yawa suna zaton maganar da aka faɗa wa yaro ba ta shiga lissafi, wai don ba shi da wayo. Sunna ta nuna ba haka ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amiru, Allah ya yarda da shi, cewa wata rana yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu. Sai ya tambaye ta abin da ta yi nufin ba shi, ta amsa da cewa dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. A dubi ƙanƙantar abin: uwa ce da ɗanta, a cikin ɗakinsu, a kan ƙwayar dabino. Duk da haka mala'iku ba su ajiye alƙalami ba.

Amma gaskiya ce a faɗa, malamai sun tattauna wannan mas'ala, kuma akwai wanda ya sassauta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111 Miladiyya, ya kawo ta cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddini, a wurin da ya yi bayanin cututtukan harshe. Ya ambaci wurare uku da hadisi ya yi rangwame a cikinsu, watau yaƙi, da sulhunta masu gaba, da maganar da ke gyara zaman miji da mata. Sa'an nan ya ce yaron da ba ya yarda ya tafi makaranta sai da alkawari ko tsoratarwa ta ƙarya, to, yin hakan ya halatta. Wanda ya tsaya a nan sai ya ce shi ke nan, ya sami fatawa. Sai dai malamin bai tsaya a nan ba. Ya ƙara da cewa ko ƙaryar da aka halatta ana iya rubuta ta, a tambayi mai ita game da niyyarsa, domin wannan ƙofa ce da mutum ke yawan ruɗin kansa a cikinta. Tun a farkon babin kuma ya kafa ƙa'ida, cewa duk wata manufa ta alheri da za a iya kai wa gare ta da gaskiya, to, yin ƙarya dominta haramun ne.

Ashe ke nan rangwamen yana da sharaɗi, shi ne a rasa wata hanya. Nan ne kuwa maganar shiri ta shigo. Uban da ya wayi gari ran Litinin ya ja ɗansa zuwa wani gida da yaron bai taɓa gani ba, ya miƙa shi ga mutumin da aka daɗe ana ce masa mai duka ne, lalle zai ga kamar ba shi da mafita sai ƙarya. Amma wannan larura shi ya jawo wa kansa ita, domin yana da watanni da zai shirya yaron, bai yi ba. Ƙaryar bakin aji, a mafi yawan lokaci, biyan bashin sakacin da aka yi a gida ne. Wanda ya ƙi tanadin guzuri da gangan ba ya kafa hujja da yunwar hanya.

ƘARYAR SHEKARU

Ita ƙaryar shekaru ko cikin rangwamen nan ba ta shiga ba, domin ba yaro ake yi wa ita ba, hukumar makaranta ake yi wa, kuma tana taɓa haƙƙin wasu. A zamanin En'e, lokacin da makarantun elementare ba su da yawa, iyaye ɓoye 'ya'yansu suke yi idan hakimi ya aiko neman yara. Ba a rubuta ranar haihuwa, saboda haka malamai sukan sa yaro ya ɗora hannunsa ta bisa kansa, in ya taɓo kunnen ɗaya gefen sai a ce ya isa. Da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, an nufi 'yan shekara shida ne, amma yaran da suka hallara sun zarce lissafin gwamnati ƙwarai, har da waɗanda ba su kai ba da waɗanda suka wuce. Mutanen wancan lokaci suna da uzuri, don da yawansu ba su san shekarun 'ya'yansu ba sai da kirdado. Yau kuwa akwai katin asibiti, akwai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, har hoton ranar suna yana cikin waya da kwanan watansa. Wanda ya ce shida alhali huɗu ne, da saninsa ya faɗa.

Wani ma ba ya tsayawa ga faɗa da baki, sai ya je kotu ya karɓo takardar rantsuwa a kan shekarun da ya san ba su ne ba. Wannan ya haɗa ƙarya da rantsuwa a kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan maganar zur da shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. Bai kamata mumini ya ɗauki abin da ya tayar da Annabi zaune a matsayin cika takarda kawai ba.

Sai dai uban da ya aikata haka yana da abin cewa, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce, "Malam, ba don mugunta na yi ba. Jami'o'in gwamnati sun yi wajen wata tara a rufe a 2020 saboda yajin aiki, suka sake yin wata takwas a 2022. Wanda ya gama digiri ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, masu ɗaukar aiki kuma suna ƙayyade shekaru. In ban tura shi da wuri ba, yaushe zai gama? Ga uwarsa da goyo, ga sana'a, wa zai kula da shi a gida?" Wannan damuwa gaskiya ce, ba a raina ta. Amma a yi lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 4, aka tsallake da shi aji shida kamar yadda ake yawan yi, zai gama sakandare yana ɗan 15. A shekara ta 2025 kuwa hukumomin ilmi sun tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. To, ko dai ya zauna jira, ko a sake wata ƙaryar. Sau da yawa kuma wanda aka ƙara wa shekaru yana yaro, shi ne zai koma kotu yana babba ya rage su don neman aiki. Sauri ya haifi nawa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Game da rashin mai kula da yaro a gida, akwai ajin share fage, akwai makarantar allo da Islamiyya ta unguwa, akwai gidan kaka. In kuwa yaron haziƙi ne da gaske, ya riga tsararsa, hanyar gaskiya a buɗe take: a faɗa wa hedimasta ainihin shekarunsa, a roƙe shi ya jarraba shi, in ya karɓa da saninsa babu laifi a kan kowa, in ya ƙi a haƙura zuwa baɗi.

Wanda ya fi cutuwa da wannan gaggawa shi ne yaron da aka ce don shi aka yi. Ɗan shekara huɗu a cikin 'yan shida, yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba, ba ya iya zama wuri ɗaya na tsawon darasi, wani lokaci ba ya iya riƙe fitsari har a fita tara. Sai a yi masa dariya, a dake shi a kan abin da ba laifinsa ba ne, a kira shi daƙiƙi, har ya yarda shi daƙiƙin ne. Da ya ga ba ya iya bin darasi, sai ya koyi leƙen littafin na kusa da shi, kuma daga nan satar amsa take farawa. Malamin da ke fama da aji cike maƙil kuma an ɗora masa reno a kan koyarwa, an tauye haƙƙin sauran yara. Mafi muni duka, yaron ya san shekarunsa. Yana tsaye ya ji ubansa ya faɗi abin da ba shi ne ba, wataƙila ma tun a hanya an ce masa, "In Malam ya tambaye ka, ka ce shekararka shida." Darasinsa na fari ke nan a makaranta, kuma ubansa ne ya koyar da shi.

Magabata sun kula da wannan al'amari na lokaci. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya umartar yara da salla a shekara bakwai, alhali salla ita ce ginshiƙin addini, kuma yaro yana iya kwaikwayon ruku'u da sujada tun yana ɗan uku. Ibnu Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037 Miladiyya, ya ambaci shekara shida a matsayin lokacin miƙa yaro ga malami, tare da bin sa sannu a hankali. Malaman hadisi sun yi maganar shekara biyar, saboda Mahmudu ɗan Rabi'u ya riƙe cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fesa masa ruwan guga a fuska yana ɗan shekara biyar, kamar yadda Buhari ya kawo. Wasunsu kuwa suka ce abin lura shi ne wayo, har aka ruwaito daga Musa ɗan Haruna cewa ana karɓar abin da yaro ya ji idan ya iya bambanta saniya da jaki. A ƙasar Hausa ma an saba jiran yaro ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma kafin a damƙa masa allo ya soma babbaƙu. Dukansu sun haɗu a kan abu guda, watau a dubi yaron da abin da zai iya ɗauka, kada a dubi burin iyayensa.

TSORATARWA DA RARRASHIN ƘARYA

Ita kuwa ƙaryar tsoratarwa, zalunci biyu ne a haɗe. An zalunci malami, an mai da shi dodo tun bai ga yaron ba, an kuma zalunci yaro, an cusa masa ƙin wurin da zai yi shekara shida a cikinsa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa don bayyana cewa tsanani yana cutar da masu koyo, musamman ƙanana. Ya nuna cewa wanda aka rena da tursasawa yakan rasa kuzari, ya koma ga kasala, ya koyi ƙarya da makirci don tsoron hannun da ke bisa kansa. Tun kafin shi, Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya iyakance musu duka ƙwarai, ya hana su dukan fushi. Anas ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa jin ko kalmar ƙosawa daga gare shi ba. Ran da aka aike shi ya tsaya wurin yara masu wasa a hanya, Annabi ya same shi, ya kama ƙeyarsa yana dariya, ya tuna masa aiken.

Ƙaryar rarrashi ita ce aka fi rainawa, amma ɓarnarta tana da nisa. Yaron da aka ce wa "yanzu zan dawo" yakan zauna yana duban ƙofa, ba ya jin abin da malami ke faɗa. In ya ga rana ta take ba a dawo ba, sai ya gane an yaudare shi. Gobe kukansa zai fi na yau, don yanzu ya san maganar babansa ba abin riƙo ba ce. Wannan amincewa da aka fasa kuwa ita ce garkuwar yaro a waje. Yaron da ya yarda da iyayensa shi ne zai dawo ya gaya musu in wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko wani ya tsare shi a hanya. Kuma yaya za a hana shi bin baƙon da ya ce "zo in ba ka alewa", alhali da irin wannan magana aka saba jan sa a gida?

A cikin wannan babi akwai wata ƙarya da ake yi wa 'ya'ya mata. A ɗinka wa namiji kaya, a ce wa 'yar'uwarsa, "Bana babu hali, baɗi za a kai ki," alhali an riga an ƙudurta tallar da za ta ɗauka. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya, har Annabi ya ƙi zama shaida a kan kyautar da aka keɓe wa ɗa guda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta zama malamar mata har ta rasu a 1864. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ma ta wajabta karatun shekara tara a kan kowane yaro, ba ta ware mace ba.

SHIRIN DA KE SA A WADATU DAGA ƘARYA

To, mene ne shirin? Yawancinsa ba ya cin ko kwabo. Na fari shi ne yaro ya iya kula da jikinsa: ya shiga bayan gida shi kaɗai, ya yi tsarki, ya wanke hannu, ya sa takalminsa, ya ɓalle maɓallin rigarsa. Ya san sunansa na yanka, domin wani yaron bai san kowane suna ba sai laƙabin da kaka ta sa masa, a kira rajista ya yi shiru. Ya san sunan mahaifinsa da na unguwarsu. Ya iya sallama da gaisuwa, ya iya jiran layi, ya san abin wani ba nasa ba ne. Ya ci da dama, ya ambaci sunan Allah, ya ci abin da ke gabansa, kamar yadda Annabi ya koya wa Umaru ɗan Abu Salamata yana yaro a gidansa. A kuma koya masa kalmomin da za su fisshe shi, ya iya cewa, "Malam, ina jin fitsari," ya iya cewa, "Malam, ban gane ba," ba tare da jin kunya ba.

Na biyu shi ne lafiyarsa. Likitocin yara sun ce ɗan shekara shida yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana guda. Saboda haka tun saura makonni a buɗe makaranta ya kamata a janye shi daga talabijin da waya bayan Lisha, a saba masa da tashin sassafe. Kada ya fita da ciki wayam, ko koko da ƙosai ne a ba shi. A duba katinsa na rigakafi. A lura ko yana matso da abu kusa da ido, ko sai an maimaita kira yake waiwayowa, domin yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani, ko muryar malami ce ba ta isa kunnensu.

Na uku shi ne buɗa masa harshe da hankali. Yaron da ake hira da shi, ana amsa tambayoyinsa, kaka tana yi masa tatsuniya da kacici-kacici, yakan zo aji da kalmomi masu yawa, ya kuma iya sauraron magana daga farkonta zuwa ƙarshe. A sa shi ƙirga ƙwayar gyaɗa, ko awakin gida in sun dawo kiwo. A bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke ko a bango da gawayi, don da haka yatsu ke yin ƙwari. Kada a hana shi wasa da sunan shiri. Imamu Gazali da kansa ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya riƙa neman dabarar kuɓuta.

Na huɗu, wanda shi ne maganin kukan bakin aji, a saba masa da rabuwa ta gaskiya. A kai shi gidan gwaggonsa a ce, "Zan tafi, in an yi sallar La'asar zan zo in ɗauke ka," sa'an nan a zo a kan lokacin. Yaro bai san agogo ba, amma ya san kiran salla. In aka yi haka sau uku ko huɗu, zai gane cewa tafiyar uba tana da dawowa. Kafin ranar buɗewa a bi da shi hanyar makarantar, a nuna masa ajin da bayan gida da inda ake shan ruwa, a gaisa da malamin a gabansa cikin girmamawa, ya ga babansa da malaminsa suna musafaha. A gaya masa abin da zai tarar ba ƙari ba ragi: akwai yara da yawa, akwai wasa, akwai doka, kuma zai ji kewar gida, wannan ba abin kunya ba ne.

In ranar ta zo, uba ya durƙusa daidai tsawon ɗansa ya ce, "Zan tafi wurin aiki. Kai za ka zauna tare da Malam. In an tashi, wajen Azahar, za ka same ni a bakin ƙofar nan in Allah ya so." Ya yi masa addu'a, ya tafi yaron yana ganinsa. Mai yiwuwa ne ya yi kuka, kuma kukan ba alamar kuskure ba ne. Abin da ya rage shi ne uba ya cika alkawari, in kuma wani zai aiko, ya faɗi sunansa tun da safe. Yaron da ya fito ya tarar da wanda aka ce zai tarar, a wurin da aka ce, ya koyi abin da ya fi baƙaƙen da aka rubuta a allo ran nan.

Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Imamu Maliku, Allah ya yi masa rahama, ya nemi fara neman ilmi yana yaro a Madina, mahaifiyarsa ce ta sa masa tufafin ɗalibai, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin malaminsa Rabi'atu, ta kuma yi masa wasiyya ya koyi ladabin malamin kafin ilminsa. Ta tanadi tufafi kamar yadda iyayen yau ke tanada, amma ta haɗa da girmama malami a zuciyar ɗanta da bayyana masa abin da ya je nema. Wannan yaro shi ne limamin da mutanen ƙasar nan ke bin mazhabarsa har yau.

Saboda haka amsar tambayar da aka buɗe da ita ta fito. Ƙaryar shekaru haramun ce, rantsuwa a kanta kuwa ta fi muni. Ƙaryar tsoratarwa da ta rarrashi, ko da wani malami ya yi rangwame a kansu, ya ɗaure rangwamen da rashin wata hanya, hanya kuwa tana nan ga wanda ya soma shiri da wuri. Wanda ya riga ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu, ƙofar tuba a buɗe take: ya nemi gafarar Allah, ya je ya gyara abin da aka rubuta a rajista tun takardun ba su yi yawa ba, ya kuma sayo alewar nan da ya yi alkawari. Kowane uba da kowace uwa makiyaya ne, kuma za a tambaye su game da abin da aka ba su kiwo.

Allah ya shirya zuri'ar Musulmi, ya ba su ilmi mai amfani, ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya sanya gaskiya a harsunan manya domin ƙanana su gada. Amin.